Kwal na kwance a ƙasarmu, me ya hana mu yin wuta da shi?

"Injiniya, barka da aiki. Ina da injin casar shinkafa a Gombe. Kusan rabin abin da nake samu man dizal ke cinyewa, don wutar NEPA ba abar dogaro ba ce. Ga shi kuma ina ganin manyan motoci ɗauke da kwal ɗin mahaƙar Maiganga suna wucewa zuwa kamfanin siminti na Ashaka. Na ji an ce ƙasar Sin da Indiya da wannan baƙin dutsen suke samun yawancin wutarsu, har Nijar ma tana da tasharsa. To mu me ya hana? Turawa ne suka taka mana burki saboda maganar ɗumamar yanayi, ko sakacin shugabanninmu ne? In an gina tashar kwal a Arewa, za mu huta da ɗauke wuta?"

Barka kadai Alhaji, Allah ya yi wa sana'a albarka. Tambaya uku ka ƙulle mini a ƙulli ɗaya: yadda kwal ke zama wuta, dalilin da ya sa muka bar shi alhali da shi muka fara, da kuma ko komawa gare shi zai raba ka da mai sayar maka da dizal. Rayuwar aikina gaban tukunyar tururi na yi ta. Na fara a wata masaƙa a Kaduna lokacin da masaƙu ke da rai, muna ƙona baƙin mai, daga baya na koma tashar wuta mai amfani da gas, a tsakani kuma aka tura mu kwas na wata shida a wata tashar kwal a Indiya. Da wannan ɗan abin da ido ya gani zan amsa maka.

Abin da ka ji gaskiya ne. Har yau kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar lantarkin duniya daga kwal take fitowa. A ƙasar Sin ya haura rabi, a Indiya wajen kashi 70 cikin 100, a Afirka ta Kudu ma ya fi haka. Amma duhun da kake ciki a Gombe ba rashin abin ƙonawa ne ya jawo shi ba, kuma a nan ne nake so ka ba ni aron kunnenka.

Tukunya ce kawai, sai dai babba

Duk wanda ya taɓa ganin murfin butar shayi yana rawa in ruwa ya tafasa, ya ga tushen aikin. Ana niƙa kwal ya yi laushi kamar garin fulawa, a hura shi da iska cikin wani murhu da tsayinsa ya kai bene hawa goma sha wani abu. Yana shiga yake kamawa da wuta. Bangon murhun duk bututan ƙarfe ne jere, cike da ruwa. Ruwan ya zama tururi mai zafin digiri 540 ko kusa da haka, mai ƙarfin da in ya tsirto ta wata ƴar ƙofa ba ka ganinsa da ido amma zai iya yanka ka. Tsofaffin ma'aikata sukan miƙa sandar tsintsiya a gabansu in suna neman inda yake yoyo, gara sanda ta tafi da hannu ya tafi. Tururin nan shi ke juya farfelar injin sau 3,000 a minti ɗaya, farfelar ta juya janareta, wuta ta fito. Daga nan a sanyaya tururin ya koma ruwa, a mayar da shi tukunya.

A wannan sanyayawar ne asara take. A tashar da aka saba gani, kashi ɗaya cikin uku ne kacal na zafin kwal ɗin ke zama lantarki. Ragowar biyun hayaƙi da ruwan sanyaya ne ke tafiya da su. Sababbin tashoshi mafiya inganci sukan kai kashi 45 cikin 100 ko da ɗan ɗori, iyakar abin ke nan.

Ɗabi'arta kuma ta raƙumi ce. Ba ta tashi da sauri, amma in ta miƙe sai ta yi watanni ba ta durƙusa ba. Tukunyar da ta huce gaba ɗaya takan ci rabin yini ko fiye kafin ta ɗauki cikakken kaya, don in ka gaggauta mata zafi ƙarfen zai tsage. Injin madatsar ruwa irin na Shiroro cikin ƴan mintuna yake tashi. Shi ya sa ake ɗora wa kwal nauyin wutar da ba ta yankewa dare da rana, irin wadda masana'antu ke so, a bar wa ruwa da gas hawa da saukar buƙata. Alherinsa mafi girma shi ne ana iya tara shi. Ka jibge na wata guda a fili, ko an fasa bututu ko damina ta yi gardama, ba ruwanka. Gas ba ya taruwa haka, in an rufe famfo a Neja Delta yanzu, yanzu injinka zai mutu.

Da shi muka fara

A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, zuwa 1916 kuma ana loda shi a jirgin ƙasa zuwa Fatakwal. Garin Inugu kansa kwal ne ya haife shi, Fatakwal kuma don fitar da shi aka kafa ta. Jiragen ƙasan da suka yi ta jigilar gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da shi suke tafiya. Tashar wuta ta Ijora a Legas da shi ta fara, haka ta Oji River da aka buɗe a 1956. Har jini ya zuba a kansa: ranar 18 ga Nuwamba 1949 ƴan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a mahaƙar Iva Valley suna yajin aiki, abin da ya ƙara hura wutar neman ƴancin kai.

Abin da ya kashe shi a jere ya zo. An samu man fetur a Oloibiri a 1956. Hukumar jiragen ƙasa, wadda ita ce babbar mai saye, ta fara komawa injinan dizal. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, aka bar ramukan haƙar, ruwa ya cika su. A 1968 aka gama madatsar Kainji, wadda a ƙarshe ta kai megawat 760, daga baya Jebba da Shiroro suka biyo, ga kuma gas da ake ƙonawa a banza a bakin rijiyoyin mai. Wa zai shiga rami ya haƙo dutse alhali ga wuta tana ci a sarari kyauta? A lokacin nan ba a maganar ɗumamar yanayi a ƙasar nan. Lissafin kasuwa ne ya ture kwal, sakaci kuma ya ƙarasa shi, don kamfanin haƙar na gwamnati da aka kafa a 1950 ya yi ta jan ƙafa har ya daina aiki a farkon wannan ƙarni.

Ga wani abu da za ka riƙe. A ganiyar haƙar Inugu, ƙarshen shekarun 1950, abin da ake fitarwa a shekara bai wuce tan dubu 900 da ɗoriya ba. Duk wannan tarihin da ake alfahari da shi ba zai ciyar da matsakaiciyar tasha guda ɗaya ta yau ba.

Mu yi lissafin tirela

Tunda ɗan kasuwa kake, bari mu buga lissafi. Ɗauki tasha mai megawat 500, wadda a ƙasar Sin ƙarama ce. In tana aiki sosai, tana cin kwal tan 5,000 zuwa 6,000 kowace rana, in kwal ɗin mai rauni ne kuma fiye da haka. Tirela mai ɗaukar tan 30, kana buƙatar kusan 180 su sauke kaya kullum, ranar Sallah da ranar da gada ta karye duk ɗaya. Ka ƙiyasta wannan a kan hanyar Gombe zuwa Kumo. Shi ya sa in ba inda jirgin ruwa ke kaiwa ba, hanya biyu aka fi bi, ko a gina tashar a bakin mahaƙa bel mai jan kaya ya riƙa zuba mata, ko a shimfiɗa mata layin dogo. A inda na yi kwas, jirgi mai tarago hamsin da wani abu ke shigowa, ba sau ɗaya ba a yini, kuma ranar da aka ce jirgi ya makara za ka ga fuskar manaja ta canza.

A shekara tashar za ta ci kusan tan miliyan biyu, ana kuma gina ta ne don ta yi shekara 40. Ke nan kafin banki ya ba ka ko sisi, sai ka nuna masa tan miliyan 70 zuwa 80 a wuri guda, wanda aka tona rijiyoyin gwaji aka auna kaurinsa, aka ƙona samfurinsa aka san zafinsa da tokarsa. Alƙaluman da gwamnati ta saba bayarwa su ne tan miliyan 639 tabbatattu, da wasu biliyan biyu da wani abu na hasashe, warwatse daga Inugu zuwa Okaba da Ankpa a Kogi, Owukpa a Binuwai, Lafiya da Obi a Nasarawa, har zuwa nan wajenku. A takarda da yawa. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kwal ɗin da aka yi hasashe daban, wanda aka auna daban, wanda ke kan bel yana shiga murhu kuma daban.

Sai ruwa. Tashar da ke sanyaya tururi da ruwa takan sha kusan lita biyu a kan kowane yunit ɗin wuta, wato lita miliyan 20 da wani abu a rana ga tashar da muke lissafi, ruwan da zai shayar da babban gari. Akwai dabarar sanyayawa da iska, wadda Afirka ta Kudu ta ƙware a kai a tashoshinta na Matimba da Medupi saboda ƙarancin ruwa. Tana aiki, sai dai ta fi tsada, kuma a ranar da zafi ya kai digiri 42, ranar da kowa ke neman fanka, ranar ce ƙarfinta ke raguwa.

Kuma ko komai ya haɗu, kwal mai shirme ne. Wani dare a damina, wajen ƙarfe biyu, ina tsaye a ɗakin sarrafa injina sai muka ga allura tana sauka, injin megawat 210 ya dawo ɗari da ƴan kai. Ba abin da ya lalace. Ruwan sama ne ya jiƙa kwal ya zama kamar taɓo, ya toshe maƙogwaron da ke zuba shi cikin injin niƙa. Muka gangara, na tarar da mutum shida da sandunan ƙarfe da guduma suna ta bugun rumbun, fuskokinsu baƙi ƙirin sai fararen idanu. Har asuba ana fama. Da rani kuwa akasin haka ne, tulin kwal yakan kama wuta da kansa daga ciki, sai ka ga hayaƙi na tsattsafowa, a kawo katafila ta baje shi a danne. Tokar da ke bin hayaƙi tana goge bututan tukunya kamar ana gurza su da yashi, wata rana ɗaya ya huje, a kashe injin, a jira kwana biyu ya huce kafin mai walda ya iya shiga. A tashar gas ban taɓa ganin rabin wannan wahalar ba.

Abin da Anu Araren ke koyarwa

Tashar Nijar da ka ambata tana Anu Araren, kusa da Cirozerin, arewa maso yammacin Agadas. An kafa SONICHAR, kamfanin da ke da tashar, a 1975, wuta ta fara fita a 1981. Injina biyu ne, kowanne megawat 18.8. Ƙarama ce ƙwarai, kwal ɗin wurin ma ba na kirki ba ne, toka ta yi masa yawa, ba wanda zai saye shi ya kai wata ƙasa. Amma ta shekara 40 da ɗoriya tana aiki a tsakiyar hamada, abin da manyan tsare-tsarenmu da yawa ba su yi ba.

Sirrin ba a injin yake ba. Tashar na zaune a bakin ramin, ba tirela ba jirgi. An gina ta daidai girman buƙata. Sama da duka, tun kafin a kafa tubalin farko akwai mai saye a tsaye da kuɗinsa: kamfanonin haƙar yuraniyom na Arlit da Akokan, waɗanda a da sai an jawo musu mai daga bakin teku, tafiyar kusan kilomita dubu biyu. Su suka riƙe tashar, garuruwan Agadas da Arlit da Cirozerin suka samu wuta a inuwarsu. Da mahaƙar yuraniyom ta COMINAK da ke Akokan ta rufe a watan Maris na 2021, tashar ta rasa ɗaya daga cikin manyan masu sayenta, ga tsufan injina, ga garuruwa sun ninka girmansu. Wanda ya yi bazara a Agadas a ƴan shekarun nan ya san wutar ba ta isa.

Duk da haka ta nuna amfaninta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take tura wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Yamai da Dosso da Maraɗi da Damagaram suka ɗanɗana kuɗarsu na tsawon watanni. Yankin Agadas bai dogara da wannan layin ba. Don haka in ɗan Nijar ya ce mini yana son a gina tashar Salkadamna a jihar Tawa, wadda shugaba Mahamadou Issoufou ya aza harsashinta a 2014 da burin megawat 600 amma shekara goma bayan nan ba a kunna ta ba, ba zan yi masa gardama ba. Ƙasar ba ta da teku, ba ta da yalwar gas irin tamu, ruwan da za ta datse kuma kogi ɗaya ne, inda aikin madatsar Kandaji ya daɗe yana tafiyar hawainiya. Hujjar Nijar ta fi tamu ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da zan ce kawai shi ne a gina ta kashi kashi, don injin guda mai girma a kan ƙaramin layi, ranar da ya yi tuntuɓe ƙasa gaba ɗaya zai kayar.

Inda cutarmu take

Mu kuwa a Najeriya, injinan da aka girka sun kai na megawat 13,000 ko sama da haka, abin da ke isa ga jama'a kuma yana yawo tsakanin 4,000 da 5,000. Ka ga ke nan fiye da rabin ƙarfin yana zaune. Na yi kwanaki ba adadi ina gadin injin lafiyayye wanda aka share aka shafa wa mai, muna shan shayi, saboda mai gas ya rage famfo don ba a biya shi ba. Wata ranar gas ɗin na nan, sai a bugo waya a ce mu rage, layi ba zai ɗauka ba, ko masu rarrabawa ba sa son ƙarin wutar da ba za su iya karɓo kuɗinta ba. Mai gida ba shi da mita, ya ƙi biyan kuɗin ƙiyasi, ko kuma ya yi satar layi. Mai rarrabawa ya biya rabi. Mai tasha ya bi bashin da yanzu ake lissafinsa da tiriliyoyin naira. Shi ma ya kasa biyan mai gas. Ka kawo tashar kwal ka jona ta a wannan sarƙa, abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba. Bambancin kawai, maimakon mai gas, mai haƙar kwal ne zai ajiye shebur.

Afirka ta Kudu ta isa misali. Suna da kwal mai yawa, da ƙwararrun injiniyoyi, da tashoshin da kowace ɗaya cikin manyansu ta kusa kai duk wutar da Najeriya ke rabawa. Medupi da Kusile kowacce ta kusa megawat 4,800. An fara Medupi a 2007, ba a gama ba sai 2021, kuɗin ya ninka, kuma kwanaki kaɗan da sanar da kammalawa janaretan injin na huɗu ya fashe. A Kusile bututun hayaƙi ya rufta a 2022 ya tsayar da injina uku. A 2023 mutanen Johannesbag sukan yi awa takwas zuwa goma a rana ba wuta. Da abin ya yi sauƙi a 2024, ba sabon kwal aka gano ba, gyaran tsofaffin injina aka dage a kai.

Sai dai akwai wata magana da ke goyon bayanka, ba zan ɓoye ta ba. Kusan duk manyan tashoshin ƙasar nan suna Kudu ko a kogunan jihar Neja da kewaye, ku kuma kuna can ƙarshen igiya. A watan Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ya biyo ta Makurɗi shi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Ƴar tashar Dadin Kowa mai megawat 40 ba za ta riƙe yanki ba. Arewa na buƙatar wutar da ake yi a Arewa, wannan babu ja. Tambayar ita ce da me. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, shi ne abokin takarar kwal na farko. Rana ce ta biyu, don farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, gonar sola kuma a shekara guda ake gama ta, tashar kwal kuwa sai shekara biyar in an yi sa'a.

Maganar Turawa da hayaƙi

Cewa akwai son kai a lamarin, akwai. Birtaniya ta kunna tashar kwal ta farko a Landan a 1882, ba ta kashe ta ƙarshe ba sai 30 ga Satumban 2024. Shekara 142 suna ƙonawa har suka yi arziki. Jamus da ke yi wa duniya wa'azi, da gas ɗin Rasha ya yanke a 2022 sai ta tayar da tsofaffin tashoshinta na kwal. Afirka baki ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Wanda ya ƙoshi ne ke hana mai yunwa cin tuwo da hannun hagu.

Amma ba wata doka da ta hana mu. Aljihu aka rufe. Bankin Duniya, wanda ya ba Afirka ta Kudu rancen dala biliyan 3.75 a 2010 mafi yawansa don Medupi, ya tsuke hannu daga 2013. Bankin Raya Afirka ya ce ya fita daga harkar a 2019. Ƙofar da ta rage ita ce ƙasar Sin, ita ma a Satumban 2021 shugaba Xi Jinping ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa sun daina gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje, ko da yake a gida suna ci gaba. Tashar megawat 500 ba za ta gaza dala biliyan ɗaya ba. Tun ma kafin ƙofofin su rufe, a zamanin shugaba Jonathan an yi ta cewa kashi 30 cikin 100 na wutarmu daga kwal za ta fito, aka yi ta shelar tashar Itobe a Kogi mai megawat 1,200. Ba Bature ne ya hana ta tashi ba, mai ba da rance ne ya duba wanda zai sayi wutar ya ga ba ya biyan bashi.

Hayaƙin ma kada mu mayar da shi zancen Turawa kawai. Bar batun kabon, wanda kwal ke fitar da kusan kilo ɗaya a kowane yunit, ninki biyu na gas. Abin da zai fara isa gidanka shi ne ƙurar toka mai shiga huhu, da hayaƙin farar wuta mai sa tari da fuka, da zaiba mai sauka a ruwa ta shiga kifi. A tashar da na zauna, farar riga ba ta kai la'asar. Akwai na'urorin da ke kama fiye da kashi 99 cikin 100 na tokar, akwai masu wanke hayaƙin da farar ƙasa, amma suna cin kuɗi suna cin wuta, kuma a ƙasar da mai sa ido ke karɓar na goro, su ake fara kashewa da dare. Tokar da aka kama ma sai an nema mata wurin zubarwa, ko da yake masu siminti na sayen wani kaso. Kai da kake Gombe ka fi ni jin koken ƙauyukan da ke kusa da mahaƙa kan ƙura da ruwan sha da gonaki. Ni injiniyan tukunya ne, auna illar wannan a jikin mutum aikin likitoci ne, kamar yadda auna abin da ke ƙarƙashin Maiganga aikin masana duwatsu ne, lissafina na sama kuma ƙiyasi ne kawai, ba wanda za a kai banki ba.

To ina kwal ya dace?

Motocin da kake gani su ne amsar. Kamfanin siminti na Ashaka ya koma kwal ne don baƙin mai ya yi tsada, ya kuma gina ƴar tasharsa ta megawat 16 don kansa. Dangote ma na ƙona kwal ɗin Kogi a masana'antunsa. Tsarin Anu Araren ke nan: mahaƙa kusa, tasha daidai wuya, mai saye guda wanda ba ya cin bashi don shi ne mai tashar. A ganina in kwal zai yi wa Arewa amfani, ta wannan hanyar ce. Tasha mai megawat 30 zuwa 100 a bakin rami, a jona ta kai tsaye da rukunin masana'antu masu mita waɗanda suka sa hannu za su biya, a sanyaya ta da iska, a tilasta mata na'urar kama toka tun daga zane, a biya masu gonaki haƙƙinsu kafin katafila ta shiga. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, saboda haka gwamnan da ke da niyya ba sai ya jira Abuja ba. Katafariyar tasha da za a ciyo bashin dala a jona ta da babban layi a ce ta haska ƙasa, wannan ba na goyon bayanta. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, kuma bashin shekara 25 ne.

Kai kuma Alhaji, kada ka jingina injinka da jiran wannan, ko yau aka sa hannu yaron da ke aji ɗaya na sakandare zai gama kafin ta kunnu. Litar dizal ɗaya yunit uku take ba ka, ko da ɗan ɗori, raba kuɗin lita ɗaya gida uku ka ga nawa kake sayen yunit. Casa aikin rana ne, ranar Gombe kuwa ba ta rowa. Sola da za ta ɗauki injin daga ƙarfe tara zuwa huɗu, janareta na gefe yana cike giɓi, ba ta buƙatar tulin batir, wanda shi ne mai tsadar. Sannan ka leƙa bayan injinka. Kowane buhu biyar na shanshera, nauyin buhu ɗaya ɓuntu ne, wanda na tabbata ko kyauta kake bayarwa ko ƙonawa kake yi. Manyan masu casa a Kano da shi suke hura tukunyar turara shinkafa, a Indiya da Tailan kuma har wuta suke yi da shi, wajen kilo biyu yunit ɗaya. Ga ƙaramin inji kai kaɗai ba lallai ya biya ba, don na'urar na son mai kula da ita kullum, amma in ku biyar ko shida ne a layi ɗaya, abin dubawa ne. Aiko mini da ƙarfin dokin motocin injinka, da awa nawa kake aiki a rana, da lita nawa kake sha a mako, da buhu nawa kake casawa a kaka da kuma a bazara, sai mu zauna mu buga lissafin naka.